Baba Saruk da takabar wuni guda

Kun san abu nawa ake kira saruk a garin nan namu Madina? Yaran yanzu in ka ce saruk shawarma suke tunawa, doguwar nan da ake naɗewa. Akwai kuma rokar da ake harbawa sama, ita ma saruk. Sai kuma namu na gidanmu, injin hannu mai faifai da ake yanka ƙarfe da tayil da dutse da shi, mai ƙarar nan da take shiga har cikin haƙori. To kalmar nan guda ita ta sa kakata ta shiga takaba alhali mijinta na raye, kuma ita ta raba kakana da sana'ar da yake so kamar ransa. Bari in ba ku yadda aka yi.

Kakana sunansa Ƙasimu amma in ka shiga unguwarmu Ƙurban ka ce Ƙasimu ba wanda zai gane sai ka ce Baba Saruk. Mutumin Haɗeja ne, ya zo hajji a shekarun saba'in yana saurayi, da aka kawo su ziyara Madina ya ce shi fa ƙafarsa ta ƙi komawa. Ya samu wani ɗan kwangila ya tsaya masa aka yi masa takardu, ya fara da ɗaukar siminti a ka. Lokacin ko'ina gini ake yi, ka kwanta da fili a bayan gidanka ka tashi an haƙa shi. A wajen wani ɗan Yaman ya koyi yankan ruham, ya'ani dutsen nan mai santsi da ake shimfiɗawa a matakala da masallatai, kuma tun ranar da aka damƙa masa saruk a hannu shi kenan, ya samu abin da ya zo yi duniya.

Kakata kuwa, Sitti Ƙaltume, a Ƙurban aka haife ta. Babanta da ƙafa ya zo ta Sudan. Ta ce lokacin unguwar rabi gidaje rabi gonakin dabino, ruwa na gudu a 'yan magudanai, ƙamshin ganyen na'ana'a na bin ka har bakin masallacin Kuba, kuma in mace ta ɗora tukunya duk layin sun san me za a ci. Ta ce abin da ya sa babanta ya ba Baba ita, in ya zo gaisuwa yana yi masa Hausa sabuwa fil daga gida, tsohon sai ya yi ta dariya yana cewa sake faɗa sake faɗa. Aka yi aure aka haifi Murja, ita ce mamata.

Baba in ya dawo daga aiki fari fat yake shigowa kamar an tsoma shi a buhun fulawa, gira fari gemu fari. Kunnensa ya fara toshewa don haka magana yake da ƙarfi, in yana faɗa wa Sitti sirri maƙwabta sun ji. Kuma ba ya barin injin a wajen aiki, naɗo shi yake a tsohon bargo ya shigo da shi ɗaki ya goge ya ajiye ƙarƙashin gado. Sitti ta ce ita da farko ba ruwanta, abin nema ne ai.

Sai ranar da faifai ya fashe a hannun Issoufou, abokin aikinsa ɗan Damagaram. Faifan nan gudu yake kamar me, in ya tsage guntayen tashi suke kamar harsashi. Guda ya shiga idon Issoufou. Sitti ta kai masa kunu asibiti ta ga fuskar, ta dawo ba ta ci abinci ba. Sannan ta ji labarin da ya ƙarasa ta, wai akwai murfin ƙarfe da ake ɗaura wa injin don ya tare faifai in ya fashe, kuma duk cikinsu ba mai sa shi, Baba ne ma ya fara cire nasa wai yana kare masa layi ba ya ganin inda yake yanka.

Daga nan yaƙi ya fara, kuma shekaru aka yi ana yinsa. Magana ɗaya take maimaitawa.

"Abu Murja, ka ajiye abin nan kafin ya ajiye ka."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai. Kurumtar taka zaɓe take yi."

"Hajiya, kwanan mutum in bai ƙare ba ko faifai goma ne su fashe."

"To na Issoufou bai ƙare ba, ina idonsa?"

Ta taɓa ɓoye injin a gidan Maiturare, tsohuwar da ke haɗa turaren wuta a ƙarshen layinsu, aka tura shi bayan buhunan itacen ƙamshi. Baba ya je ya aro na wani, wanda ya fi nasa tsufa, wayarsa duk a ɗaure da tsumma. Dole ita da kanta ta je ta ɗauko masa nasa, ya yi sati yana ƙamshin sandal, abokan aiki suna ce masa amarya. Ƙanen Sitti, Abdussamad, direba ne yana da wanet ɗin ɗaukar kaya, ya samo masa rumfa a Uhudu wajen da baƙi ke sauka, ya ce ya zo ya zauna a inuwa ya sai da dabino da carbi. Baba ya ce, "Ni in zauna ina kore ƙuda? Ka ba mai ciwon baya."

Haka ake har sanyin shekarar tamanin da shida. Ɗan kwangilar ya samu aikin makarantar 'yan mata a wani ƙauye a hanyar Badar, ya kwashi su Baba ya kai can, suna kwana a wajen, sai Alhamis suke dawowa. Ba waya ba komai. Sitti ta ce sanyin shekarar har ƙashi, ta haɗa masa bargo biyu ya naɗe injin da ɗaya.

Yanzu ga inda Iyatu ta shigo. Iyatu 'yar Tawa ce ta ƙasar Nijar, ba ta daɗe da zuwa ba, tana haya a ɗaki ɗaya cikin gidan su Sitti, tana aikin wanke-wanke a gidan wasu Larabawa a unguwar Bani Harisa. Larabcinta bai wuce kawo, kai, wanke, share ba, sai ƙirge da ta koya a kasuwa. Amma saruk ta san shi, wa zai zauna gidan Baba bai san saruk ba.

Ranar Laraba da safe tana kicin tana wanke kofunan shayi, uwar gidan na falo a kan waya da 'yar uwarta, murya sama, tana ta salati. Iyatu ta tsinci kalma huɗu. Saruk. Infajar, wannan ta gane don matar ta yi da hannu ta ce bum. Saba'a matu, bakwai sun mutu. Sai miskina mudarrisa. Malamar makaranta uwar gidan take nufi, ita kuwa Iyatu madarasa ta ji, ya'ani makaranta.

Abin da ya faru ashe a Amurka ne jiyan, wanda duk kun sani. An harba kumbo da mutum bakwai a ciki har da wata malamar makaranta, ya tashi lafiya mutane na tafi, ko minti biyu bai yi ba ya tarwatse a sama kowa na kallo. Amma ina Iyatu ina Amurka. Ita dai saruk, makaranta, mutum bakwai. Ta saki kofi ta ja abayarta ta fita ko sallama ba ta yi ba, ta tari mota har Ƙurban.

Sitti na tsakar gida tana tankaɗe. Iyatu ta shigo ta durƙusa a gabanta ta kama ƙafarta.

"Yaya Ƙaltume ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Sun kore ki?"

"Saruk ya hwashe. A madarasa. Mutun bakwai, ba wanda ya hita."

"Wa ya faɗa miki?"

"Da kunnena na ji, uwar ɗakina na ta kuka a waya. Duk gari an sani, mu kaɗai ne ba mu ji ba."

Sitti ta ce ba ta yi ihu ba. Ta ajiye rariyar a hankali ta ce su nawa suka tafi. Aka fara lissafi, matan gidan sun fito. Baba, Abdou yaron aikinsa, Issoufou mai ido ɗaya da ke miƙa musu dutse, 'yan Yaman biyu, wani Bamisire. Shida. Sai wata ta ce ai akwai mai dafa musu abinci. Shi kenan lissafi ya cika.

Kar ku ce me ya sa ba su tambaya ba. Wa za su tambaya? Maza duk sun fita aiki. Talabijin a layin nan gidan Maigandi ne kawai, shi kuwa kokawa kaɗai yake buɗe wa, da an fara labarai yake kashewa wai kar ya yi zafi. Sitti Larabci a bakinta yake, da ita ce ta ji wayar da ta gane, amma labarin da Hausa ya iso mata, kuma a gidan nan saruk ma'ana ɗaya gare shi. Ba wadda ta tsaya ta ce yaya faifai guda zai kashe mutum bakwai. Ɗaya ta ce wataƙila ya kama tukunyar gas, shi kenan aka yarda da gas.

Ta shiga ɗaki ta cire 'yan kunne ta cire awarwaro, ta wanke kwalli, ta sa fararen kaya irin yadda matan nan ke yi in an yi musu rasuwa. Maiturare ta zo da sandarta ta ce, "Ke 'yar nan ki bari a ga gawa mana." Sitti ta ce, "Inna, shekara nawa ina ganin gawar nan a raina." Tsohuwar ta zauna ta ce a shimfiɗa darduma a ɗora gahawa. Kafin azahar gidan ya cika, takalma har waje. Har an fara maganar ko za a samu a kawo shi a sallace shi a Harami a kai shi maƙabartar Baƙi'a, wata ta ce ai wanda gini ya kashe shahidi ne, wata ta ce injin ne ba gini ba, aka ɗan yi musu a kai.

Bayan azahar Abdussamad ya faka wanet ya ga takalma ya shigo a guje.

"Yaya wa ya rasu?"

Aka faɗa masa. Ya tsaya, ya kalli Iyatu, ya sa ta maimaita abin da ta ji kalma kalma. Ya dafa bango. Ya ce rabin jikinsa dariya rabi kuka bai san wanda zai fara ba.

"Yaya ki tashi ki cire kayan nan. Ba saruk ɗin mijinki ba ne. Na Amurka ne, na zuwa sama. Mutane ne suka hau ya fashe da su."

Sitti ta ɗago ta kalle shi.

"Suka hau."

"E suka hau."

"Saruk ɗin da ake riƙewa a hannu aka hau."

"Ba shi ba Yaya, babba ne, ya fi minara tsawo."

"Abdussamad, ni na goya ka. Lokacin da babanmu ya rasu ku kuka zo kuka ce mini jiki ne ya ɗan yi zafi, in zo in duba shi, na tarar an rufe shi da mayafi. Na san yadda ake yi. Amma in za ka lallashe ni ka nemo ƙarya mai kyau. Amurka kuma."

Kun ga matsalar. Mu a al'adarmu ba a faɗa wa mutum mutuwa kai tsaye, sai an zagaya an zagaya, to ranar da aka zo mata da gaskiya tsirara sai ta ɗauka zagayen ne. Duk rantsuwar da ya yi sai matan su gyaɗa kai suna cewa Allah sarki yaron kirki, yana tausayin yayarsa. Ya fita ya je shago ya sayo jarida ya kawo, ga hoto babba a gaba. Sitti ta duba ta ce, "Hayaƙi ne. To ai gas ma hayaƙi yake yi." Karatun jarida kuwa ba ta iya ba, allo kawai ta yi.

Sai ya je ya buga wa Maigandi ƙofa ya tashe shi daga barcin rana, aka ciccibo talabijin ɗin da igiyarsa da eriyarsa aka kawo tsakar gidan makoki aka ɗora a kan turmi. Aka zauna ana jira, mata cike, gahawa na zagayawa, har aka zo labarai.

Sitti ta ce wannan ba za ta manta ba har ta mutu. An nuno su suna fitowa a jere cikin kaya masu launin sararin sama suna murmushi suna ɗaga hannu, mata biyu a ciki. An nuno abin ya tashi, wuta a ƙarƙashinsa, yana hawa yana hawa. Sai kawai ya zama dunƙulen farin hayaƙi, ya rabu biyu kamar ƙahon rago. Aka juyo da hoton kan mutanen da ke ƙasa, iyaye da 'yan uwa cikin rigunan sanyi, kai a sama, wasu ma ba su daina murmushi ba don ba su gane ba tukuna.

Sannan Sitti ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun safe. Maiturare ta ce, "To ke kuma da aka ce mijinki na nan?" Ta ce, "Inna kin ga tsohuwar can mai kallon sama? Ita ba wanda zai zo ya ce mata kuskure ne." Ta tambayi Abdussamad ko malamar na da 'ya'ya, ya ce jarida ta ce biyu. Ta ƙara wani kukan. Iyatu kuwa ta shige bayan ƙofa ta ƙi fitowa.

Kowa ya zaci an gama, mata sun fara neman takalmansu ana dariya ƙasa-ƙasa. Sitti ta miƙe ta yafa abaya a kan fararen kayan ta ce, "Tada motar."

"Zuwa ina Yaya?"

"Ka kai ni in gan shi."

"Gobe fa Alhamis zai dawo da ƙafarsa."

"Na ga na Amurka da idona. Nawa ban gani ba."

"To ki canza kaya mana, haka za ki je?"

"Haka zan je."

Suka kama hanyar Badar bayan la'asar, duwatsu dama da hagu, iska mai sanyi na shigowa ta gilashin da ba ya rufuwa. Rana ta yi ja suka sauka daga kwalta suka shiga ƙauyen, kuma tun kafin su hango ginin ta jiyo shi, ƙarar nan mai shiga haƙori. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin abu mai daɗinsa ba, kuma a lokaci guda ba ta taɓa tsanarsa kamar ranar ba.

Yana durƙushe a gindin matakala yana yanka ruham kore, ƙura ta rufe shi, tartsatsi na tashi, fuskarsa dab da faifan, ba murfi ba tabarau ba komai. Abdou ne ya taɓa shi ya nuna masa. Ya juyo ya ga matarsa tsaye a tsakiyar yashi da fararen kaya, ba ɗan kunne ba kwalli, ido a kumbure. Ya kashe injin ya miƙe.

"Hajiya wa ya mutu?"

"Kai."

"Wa?"

"Kai na ce. Tun safe."

Abdussamad ya yi ta bayani da ƙarfi saboda kunnen, Amurka, roka, Iyatu, madarasa. Ma'aikatan suka taru, ana fassara wa 'yan Yaman, Bamisiren ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa don dariya. Baba ma ya fara dariya, ya ce, "To an sallace ni a Harami dai ko? Kar ku ce mini a masallacin unguwa kuka yi." Ya duba ya ga ita ba ta dariya, sai tasa ta tsaya.

"Abu Murja, na yi takabarka wuni guda na ji yadda take. An zauna an sha gahawarka. An yi musu ko kai shahidi ne. Ba zan iya sau biyu ba."

"To ai ga ni."

"Yau. Ina murfin abin nan?"

Issoufou ya juya ido ɗayan nan nasa wajen murhu. Ashe murfin suka kifa a kan duwatsu suka ɗora butar shayi a kai, ya yi baƙi ƙirin. Sitti ta je da kanta ta sauke butar ta ɗauko shi da bakin abaya ta ajiye a gaban Baba.

"Su waɗancan da duk iliminsu da komai nasu abin ya tashi da su. Kai kuma naka maganin ka ɗora masa shayi."

"Hajiya ki bari mu je gida mu yi magana, ga mutane."

"A gabansu nake so. Kayan nan ba zan cire su ba, 'yan kunne ba za su koma ba, sai ranar da ka rabu da shi. Tunda takaba kake so in yi gara in saba."

Ya daɗe yana kallon matakalar. Ya ce ya ɗauki amanar aikin, yara mata ne za su hau, ba zai bar wa wani ya ƙarasa a karkace ba. Ta ce ya ƙarasa, da murfi. Ya zauna a gabanta ya ɗaura murfin da zafinsa yana ƙunƙuni wai yanzu kamar mutum ne ke aski da bargo a ka.

Ya ɗauka wasa take. Ya dawo Alhamis ya tarar da ita cikin fari. Alhamis ta gaba ma fari. Tana dafa masa abinci tana gaishe shi tana yi masa komai amma ba turare ba lalle ba ado. Baƙi in suka shigo sai su rikice, su ce ya haƙuri, sannan su hango mamacin a kan tabarma yana cin tuwo. Abokansa suka sa masa marigayi. In ya shiga masallaci sai wani ya ce a matsa wa marigayi ya samu sahu. Ya kai ƙara wajen liman, liman ya aiko a faɗa mata ba a takabar mai rai, ta ce a gaya wa malam ita ba takaba take ba, farin kaya kawai take so, ko an hana? Mamata ta ce ranar da abin ya kai shi bango ita ce ranar da ya ce wa Sitti abincin ya yi daɗi ta ce, "Allah ya kai ladan kabarinka."

Da aka gama makarantar ya dawo ba bargo a hammata. Ya ba Abdou injin, da murfin a ɗaure, ya sa shi ya rantse ba zai cire ba. Ya shigo ya zauna a bakin gado hannu biyu a kan gwiwa kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Sitti ta shiga ta yi wanka ta fito da atamfa ja da 'yan kunnenta, ta aika gidan Maiturare aka kawo turare aka turara gidan har layi. Iyatu ce ta yi girkin ranar. Baba ya ce mata, "Ke kika kashe ni, to zuba mini da yawa."

Haka ya koma rumfar Uhudu. Gaskiya bai iya ciniki ba, in alhazan Najeriya suka zo ya ji Hausar Haɗeja sai ya manta da awo ya yi ta cika musu leda yana tambayar ko kogin na kawo ruwa har yanzu. Sunan dai bai bar shi ba. Kuma abin mamaki sai ya zama shi ne mai bin labarin roka a unguwa. A shekarar nan wasu ma sun yi ta fashewa, na ɗaukar kaya waɗanda ba mutane a ciki, duk wanda ya fashe sai 'yan rumfa su zo su ce Baba naka ya sake tashi, a sanar da Hajiya? Daga baya da aka ce wai wata 'yar roba ce sanyi ya busar a wancan na farkon, kuma wai akwai waɗanda suka ce kar a tashi ranar ba a saurare su ba, ya zo gida ya ba Sitti labari. Ta ce, "Ashe su ma suna da mai faɗa musu." Amma ba ta yarda a yi wasa da na malamar ba, in yaro ya kwaikwayi bum a gabanta sai ya sha rankwashi, kuma duk sanyi in ya zagayo sai ta tambaya ko yaran nan biyu sun girma.

Ni na taso na same shi tsoho da idonsa biyu da yatsunsa goma cif. In muna tafiya muka wuce gini mai ruham sai ya tsaya ya shafa gefen da babban yatsa, wani ya ce madalla wani ya ce wannan da ƙafa aka yanka. In ya jiyo saruk daga nesa, shi da ba ya jin kiran abinci, sai ka ga ya juya kai. Na taɓa ce masa Baba ka yi nadama? Ya ce, "Kullum. Amma kakarka ja ya fi yi mata kyau."

Ya rasu bara a kan gadonsa, zazzaɓin kwana kaɗan, aka sallace shi a Harami aka kai shi Baƙi'a. Sitti ta sa fari ta zauna, wannan karon ba wanda ya zo da jarida.

Yanzu abin da ya sa na rubuto. Sitti ta tsufa ƙwarai kuma ta kafe tana so a kai ta ta ga matakalar nan, aikinsa na ƙarshe, ta ce ranar ba ta kalle ta ba don fushi. Matsalar ba ta san sunan ƙauyen ba, Kawu Abdussamad ya rasu, Abdou ya koma Nijar mun rasa lambarsa, mun bi hanyar Badar sau biyu duk ta canza. Makarantar 'yan mata ce mai bene ɗaya, matakala ruham kore, an gina ta tamanin da shida. Don Allah ku tura wannan duk inda 'yan uwa suke, na Madina da Yanbu da Jidda da na Nijar, ko Allah zai sa ya faɗa hannun wadda ta yi karatu a can ko wanda ya san inda Abdou yake. Kar ku karanta ku ajiye, ku tura gaba, tsohuwar tana jira.